Yoyo Ne ko Isnadi? Mahaɗin Fita da Matsayin Shafi a Injin Bincike

Mahaɗi shi ne kalma ko jimla ko hoto a cikin shafin intanet wanda idan aka latsa shi zai kai mai karatu wani shafin. Wasu marubutan fasahar sadarwa na Hausa suna kiransa rariyar liƙau. Idan ya kai mutum wani ɗaki a cikin gidan yanar da yake, na cikin gida ke nan. Idan wani ne daga waje ya ɗora shi yana nuno gidan, sunansa mahaɗin shigowa. Idan kuwa mai gida ne da kansa ya buɗe ƙofa ya nuna wa baƙonsa gidan wani, wannan shi ne mahaɗin fita. Abu ɗaya ne mai fuska biyu, domin duk mahaɗin da ya zama na fita a nan, na shigowa ne a can.

Babu wata jayayya a kan na shigowa: tun da aka kafa Google yake cikin abubuwan da ke ɗaga shafi a sakamakon bincike. Gardamar tana kan na fita. Wasu na ganin yoyo ne da ke tsiyayar da darajar shafi. Wasu na ganin isnadi ne da ke ƙara masa ƙima a idon injin.

Maganar ba ta mutanen Legas da Abuja kaɗai ba ce. Ɗalibin da ke neman gurbi a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 kuma mazauninta na dindindin yake Kalgo a kan hanyar Bunza, waya yake ɗauka ya tambayi Google. Haka mai niyyar ziyarar hubbaren Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu, haka ɗan kasuwar da ke son jin farashin shinkafa ko albasar Aliero. Yawancin masu tambaya ba sa wuce sahun farko na amsoshin da aka jero musu. Duk wanda ya buɗe gidan yana a wannan yanki, na labarai ne ko na tarihi ko na makaranta, wannan sahu yake nema, kuma da ya zauna rubutu zai ci karo da tambayar: ya nuna inda ya samo bayaninsa, ko ya rufe ƙofa?

Tushen gardamar wani lissafi ne mai suna PageRank, wanda ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford a Amurka, Larry Page da Sergey Brin, suka bayyana a 1998, shekarar da suka kafa kamfanin Google. Kafin su, injinan bincike sun fi dogara da kalmomin da ke cikin shafi, don haka masu wayo suka riƙa cusa kalma ɗaya sau ɗari don su hau sama. Page da Brin suka ce a daina tambayar shafi game da kansa, a tambayi maƙwabta. Kowane mahaɗi ƙuri'a ce. Ƙuri'ar shafi mai daraja ta fi ta ƙaramin shafi nauyi. Sannan abin da shafi zai bayar ana kasa shi ne daidai wa daida tsakanin duk mahaɗan da ke cikinsa, bayan an zabge kimanin kashi 15 cikin 100.

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce ta haifi ɓangaren farko, masu ganin mahaɗin fita yoyo ne. A ɗauka akwai wani shafi a kan tarihin Gwandu da ke da mudu 12 na daraja da zai raba, yana kuma ɗauke da mahaɗai 12: takwas suna zuwa wasu shafukan gidan, huɗu suna fita waje. Kowane zai sami mudu ɗaya. Idan aka cire huɗun nan, takwas ɗin cikin gida kowannensu zai tashi da mudu ɗaya da rabi. Masu wannan ra'ayi suka ce to me ya kai mutum? Manomin rani a fadamun da ke tsakanin Birnin Kebbi da Kalgo da Bunza, wanda ya sayi fetur da tsada ya tayar da inji, yana bin fangali bayan fangali yana ba shi ruwa, ba zai fasa kunya ya saki ruwan cikin gonar maƙwabci ba alhali tasa shukar na jira. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, in ji su, kuma ƙaramin gidan yana da ba shi da masu nuno shi da yawa ba shi da rarar da zai yi kyauta da ita.

Suna da hujja ta biyu wadda ba ta lissafi ba. Mai karatu a ƙauyen Gwandu datarsa ƙidayayya ce, sabis kuma yana zuwa yana ɗaukewa. Idan ya latsa ya fita, da wuya ya dawo. Mai shafin da ke cin abinci da talla, wanda ake biyansa gwargwadon idon da ya kalli shafukansa, ya yi asarar baƙo. Wani lokacin ma gidan da ya tura shi abokin gasarsa ne a kan tambaya guda, ya zama ya ɗauki kishiya ya ɗora a kan kujerarsa da hannunsa.

Misalin ruwa yana da daɗin ji, amma akwai inda ya karkace. A lissafin PageRank, shafin da ya ba da ƙuri'a ba a zare masa tasa darajar. Mudu 12 ɗin nan ba daga rumbunsa ake ɗiba ba, nauyin shaidarsa ne kawai ake aunawa. Abin da gidan ke rasawa shi ne ɗan kason da da ya zaga cikin sauran shafukansa ya dawo. Asara ce ta gaske a kan takarda, sai dai ƙarama ce ƙwarai idan aka kwatanta da yadda ake kururuta ta.

Tarihi kuma bai yi wa masu toshe ƙofa daɗi ba. A Janairun 2005 Google da Yahoo da Microsoft suka amince da wata alama mai suna nofollow, wadda ake maƙala wa mahaɗi don a gaya wa injin cewa mai shafi bai tsaya wa inda ya nuna ba. An yi ta ne don maganin masu watsa mahaɗan talla a ko'ina. Nan da nan masu dabara suka mayar da ita madatsa: su sa wa mahaɗai huɗun nan alamar, mai karatu ya ga mahaɗi, amma mudu 12 su tafi ga takwas na cikin gida. A Yunin 2009 Matt Cutts, wanda a lokacin shi ne shugaban sashen yaƙi da maguɗi na Google, ya bayyana cewa sun riga sun sauya lissafin fiye da shekara guda kafin nan. Bayan sauyin, da 12 ake rabawa ko da alama ko babu. Takwas ɗin su sami mudu ɗaiɗai, mudu huɗu kuma su bi iska, ba gida ba waje. Abin dariyar shi ne an shafe watanni ana ta wannan dabara bayan ta daina aiki, kuma galibin masu yin ta ba su lura da wani bambanci ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna girman abin da ake faɗa a kansa. Daga baya ma Google ya daina sabunta makin PageRank da jama'a ke gani a ƙarshen 2013, ya janye shi gaba ɗaya a 2016, ko da yake ya ce har yanzu wani nau'insa na cikin ma'aunansa masu yawa.

Ɓangare na biyu ba su tsaya ga cewa mahaɗin fita ba ya cutarwa ba. Sun ce yana ɗagawa. A nan mutumin Gwandu ba ya buƙatar dogon bayani, domin al'adar ilmin da garin ya shahara da ita a kan wannan aka gina ta. A 1812 Shehu Abdullahi ya rubuta Ida'un Nusukh, ɗan littafin da ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gabansu, tun daga yayansa Shehu Usmanu har zuwa Malam Jibrilu ɗan Umar. Ba wanda ya taɓa cewa ambaton malamai ya rage masa daraja. Shi ne ma ya ba na baya damar sanin zurfin karatun zamanin da irin littattafan da ke yawo a ƙasar Hausa kafin jihadi. Malamin da ke faɗin magana ba tare da ya ce ga inda ya gan ta ba, shi ake yi wa kallon tuhuma a zaure. Masu wannan ra'ayi suka ce injin da aka gina don ya gane rubutu mai amfani dole ya lura da wannan alama.

Ba misali kaɗai suke riƙe da shi ba. A daidai lokacin da ake haɗa PageRank, Jon Kleinberg na Jami'ar Cornell ya fito da wani lissafi da ya kasa shafuka gida biyu: madogara, wato shafin da ake yawan nunawa, da matattara, wato shafin da ke nuna madogarai masu kyau. A wannan tsari, nuna gidan kirki shi kansa yana jawo maki. Cutts ma, a bayaninsa na 2009, ya ce kamar yadda amincin Google ke raguwa ga gidan da ke nuna gidajen banza, haka wasu sassan tsarin ke ƙarfafa nuna gidaje nagari. Sai kuma gwajin da wani kamfanin Ingila mai suna Reboot ya wallafa a 2016. Sun ƙirƙiri kalmar da babu ita a kowane harshe, suka buɗe sababbin gidajen yana guda 10 da rubutu mai kama da juna a kanta. Dukkansu sun ambaci manyan cibiyoyi irin su jami'o'in Oxford da Cambridge, amma biyar ne kawai suka sa mahaɗi na gaske. Da aka nemi kalmar a Google, biyar ɗin masu mahaɗi suka zo a sama.

Wannan gwaji shi ne sandar da ɓangare na biyu suka fi dogarawa, kuma ya cancanci a dube shi da idon basira. Gidaje goma ne kacal, duk sababbi, a kan kalmar da babu mai nema, babu mai gasa, babu mahaɗin shigowa ko ɗaya. A fili irin wannan, inda komai ya yi kunnen doki, ƙwayar gero ma tana iya rinjayar da sikeli. Abin da gwajin ya nuna shi ne injin yana ganin mahaɗin fita kuma yana iya amfani da shi. Bai nuna cewa zai ɗaga ƙaramin shafin Kalgo sama da BBC Hausa ko Aminiya a kan labari guda ba, kuma tazarar da ke tsakanin waɗannan maganganu biyu tana da faɗi.

Hujjarsu da ta fi dacewa da wannan yanki ita ce ta fayyace ma'ana. Kalgo sunan gari ne da ƙaramar hukuma, amma kuma sunan itace ne da kowane makiyayi ya sani. Gwandu ta fi rikitarwa: gari ce, ƙaramar hukuma ce, masarauta ce wadda fadarta take Birnin Kebbi tun 1906, tsofaffin littattafan Turawa kuma Gando suke rubutawa. Injin da ya ci karo da gajeren rubutu na Hausa a kan kalgo sai ya yanke ko maganar ganye da saiwa ake yi ko ta jami'a da asibiti. Idan rubutun ya nuna gidan yanar jami'ar, ko na gwamnatin Jihar Kebbi, ya ba shi haske. Tunda ƙwarewar injinan nan a Hausa ba ta kai wadda suke da ita a Ingilishi ba, ga kuma rikicin masu rubuta ƙ da masu rubuta k, kowace alama ta gefe tana iya yin amfani. Hujja ce mai ma'ana, ko da yake jimla ɗaya bayyananniya a farkon rubutun, wadda ta ce Kalgo ta Jihar Kebbi ake nufi, za ta yi kusan wannan aikin.

Google kansa bai ba ɓangare na biyu abin da suke so ba. John Mueller, ɗaya daga cikin jami'an da kamfanin ke turawa su amsa tambayoyin masu gidajen yana, ya sha nanatawa tun 2016 cewa nuna wani gida ba ma'auni ba ne da ke ɗaga shafi kai tsaye, sai dai yana iya ƙara wa rubutu amfani ga mai karatu. Ana iya cewa kamfani ba zai tona asirin lissafinsa ba, kuma gaskiya ne an sha kama maganar jami'ansa ba ta cika ba. Amma a wannan gaɓar hankali yana tare da shi. Mahaɗin shigowa yana da nauyi ne saboda wani ne ke bayar da shi. Na fita kuwa kyauta ne, a hannun mai shafi yake, cikin daƙiƙa biyar zai iya nuna Jami'ar Oxford ko Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙarƙashin rubutun da babu komai cikinsa sai ƙarya. Da hakan na ɗaga shafi, da kowane ɗan damfara ya cika gindin shafinsa da sunayen manya.

Malaman hadisi sun riga kowa sanin wannan matsala. Isnadin Malik daga Nafi'u daga Ibn Umar shi ake kira sarƙar zinariya, kuma saboda darajarsa ne maƙirƙira suka riƙa ɗora shi a kan maganganun da suka ƙaga. Masana ba su karɓi magana don kawai an jingina ta ga manya ba. Sun duba wanda ya jingina ɗin: wane ne shi, su wa suka yarda suka ɗauka daga gare shi, me takwarorinsa suka ce a kansa. Wato misalin isnadi, idan aka bi shi har ƙarshe, yana komawa ne ga mahaɗin shigowa. Ambaton malamai bai mayar da Shehu Abdullahi malami ba. Karatun ne, da tafsirinsa Liya'ut Ta'awili da Liya'ul Hukkami da sauran ayyukan da malamai suka yi ta karantarwa suna kafa hujja da su har yau.

Inda ɓangarorin biyu suka haɗu, kuma inda hujja ta fi ƙarfi, shi ne mummunan mahaɗi. A 2004 masu bincike daga Stanford da Yahoo suka wallafa wani tsari mai suna TrustRank, wanda aka gina a kan lura guda: gidan kirki ba kasafai yake nuna gidan banza ba. Hausawa sun daɗe da faɗin haka, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ƙa'idojin Google sun haramta sayar da mahaɗin da ke miƙa daraja, kuma hukuncin bai bar manya ba. A 2011 mujallar Forbes ta sha shi saboda mahaɗan kuɗi da aka samu a gidanta. A Afrilun 2016 gidajen yana masu yawa suka wayi gari da saƙon hukunci saboda sun karɓi kaya kyauta daga kamfanoni sun saka musu da mahaɗi ba tare da alama ba. A Satumban 2019 Google ya ƙaro alamomi biyu, sponsored don mahaɗin da aka biya, da ugc don wanda baƙi suka ɗora, ya kuma ce daga yanzu duk alamomin shawara ce gare shi, ba umarni ba. A Disamban 2022 ya sanar da cewa manhajarsa SpamBrain tana gano masu saye da masu sayarwa, tana kashe tasirin mahaɗan.

Wannan ita ce jarabawar da ƙaramin mai shafi a Kebbi ya fi fuskanta a zahiri. Saƙo zai shigo daga wanda bai sani ba, a yi masa tayin 'yan daloli ya saƙa mahaɗin kamfanin cacar ƙwallo ko na bashin waya a tsakiyar tsohon rubutunsa. Ga mutumin da kuɗin sabunta adireshin gidansa ke ba shi wahala, tayin yana da zaƙi. Akwai kuma wanda ba da kuɗi ba, da ganganci: lokacin rajistar JAMB ko ɗaukar ma'aikata, gidajen bogi sukan fito da suna mai kama da na hukuma, mai shafi ya kwaso adireshin daga WhatsApp ya ɗora bai duba ko ya ƙare da gov.ng ko edu.ng ba. Ɗalibin da ya biya kuɗi a can ba zai sake yarda da shafin da ya tura shi ba. Sikelin dai bai daidaita ba. Ladar mahaɗi mai kyau zato ce mai ƙarfi, amma hukuncin mummuna rubutacce ne, an kuma ga waɗanda ya faɗa wa.

Wani kuskuren da ya yaɗu shi ne ɗaukar mahaɗi a matsayin kaffara. Mutum ya kwafe labarin wata jarida tun daga kanu har aya ta ƙarshe, ya sa mahaɗi a ƙasa, ya zaci ya fita haƙƙi kuma injin zai saka masa. Idan Google ya ga rubutu iri ɗaya a wurare da yawa, ɗaya yake zaɓa ya nuna, sauran ya ture su gefe, kuma mahaɗin nan ƙara tabbatar masa yake yi cewa asalin yana can. Ya fi kwafe babu ambato mutunci, amma ba ya mayar da kwafi asali.

Jingina kuma sai ta zama daidai kafin ta yi amfani, kuma Gwandu tana da labari a kan haka. A 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu, Bajamushen nan Heinrich Barth da ke yawo da sunan Abdulkarim ya sauka a garin, aka ba shi aron kwafin Tarikhus Sudan, tarihin Songhai da Timbuktu. Ya zauna ya kwafi abin da ya iya, ya aika Turai, kuma ta hanyarsa masana can suka fara sanin littafin. Sai dai ya jingina shi ga Ahmad Baba, alhali Abdurrahman as-Sa'adi ne ya rubuta. Kuskuren ya yi ta yawo a rubuce-rubucen Turawa shekaru da dama, har zuwa lokacin da Octave Houdas ya buga cikakken littafin a Faransa a ƙarshen ƙarnin. Haka mahaɗin da ke cewa ga hujja, amma idan an latsa sai a tarar shafin bai faɗi hakan ba. Injin ba lallai ya kama shi ba. Marubutan da za su biyo baya kuwa za su kwafa.

Saura hujjar baƙon da ya fita bai dawo ba. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google a 2023, wani babban jami'in kamfanin, Pandu Nayak, ya tabbatar da cewa akwai tsari mai suna Navboost da ke amfani da bayanan abin da mutane ke latsawa a sakamakon bincike na tsawon wata 13. Masu toshe ƙofa suka ce ga shi nan, halin mai karatu yana da tasiri. Amma fita iri biyu ce. Akwai wanda ya shiga shafi bai sami abin da yake nema ba, ya koma Google ya latsa na gaba. Akwai kuma wanda ya karanta sharuɗɗan shiga jami'a cikin Hausar da ya gane, ya latsa mahaɗin da ya kai shi inda zai cike fom, buƙatarsa ta biya. Na farkon ne alamar gazawa. Shafin da ya ɓoye adireshin hukuma don ya riƙe baƙo, shi ne ke tilasta masa komawa ya sake tambaya. Ta fuskar kuɗin talla kuwa, hujjar tana nan da ƙarfinta, kuma ba laifi ba ne mai shafi ya ƙi tallata abokin gasarsa idan akwai wata madogarar da ta kai shi inganci.

Wikipedia ta zama abin da kowane ɓangare ke ja. Tun 2007 sashenta na Ingilishi ya sa alamar nofollow a kan mahaɗansa na fita, kuma tana saman sakamako a kusan kowane fanni. Na farko suka ce ga amfanin riƙe daraja a gida. Na biyu suka ce a duba gindin kowace maƙala, cike yake da madogarai. Abin da ya fi bayyana matsayinta shi ne miliyoyin gidajen da ke nuno ta, wanda ba ya cikin hujjar kowannensu.

Akwai wata fuskar da muhawarar Turawa ba ta cika kulawa da ita ba, domin su ba su da ƙarancin shafuka. Rubutun Hausa a intanet kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan masu magana da harshen, kuma mafi yawan abin da ake rubutawa a kan Gwandu da Kalgo, na sarauta ne ko noma ko ta'aziyya ko tarihin malamai, a Facebook da WhatsApp yake. Manhajar Google mai bin shafuka ba ta shiga WhatsApp, mahaɗan da ake ɗorawa a manyan dandalin sada zumunta kuma galibi ba sa miƙa daraja. Saboda haka 'yan gidajen yana masu zaman kansu da ke rubutu da Hausa ba su da mai nuno su sai junansu. Ta mahaɗi injin ke gano sabon shafi tun farko. Idan kowa ya bi shawarar toshe ƙofa, kowa zai zauna babu mahaɗin shigowa, tambayar da aka yi da Hausa kuma a amsa ta da shafin Ingilishi ko da fassarar inji. A nan lissafin mutum ɗaya da lissafin jama'a sun saɓa: wanda ya nuna shafin ɗan'uwansa mai kyau ba lallai ya ga ribar a nasa matsayin ba, amma da irin wannan ne rukunin shafukan harshe ke samun nauyi. Sharaɗin shi ne ya zama don rubutun ya cancanta. Yarjejeniyar nuna-ni-in-nuna-ka da aka yi da yawa don maki kawai tana cikin abin da ƙa'idojin Google suka lissafa a matsayin maguɗi.

Mahaɗi kuma yana tsufa. Wani bincike da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2024 ya gano cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan da ke raye a 2013 sun ɓace bayan shekara goma, kuma kashi 23 cikin 100 na shafukan labarai suna ɗauke da aƙalla mataccen mahaɗi guda. Google ya ce mataccen mahaɗi shi kaɗai ba ya jawo hukunci. Haɗarin yana wurin adireshin da mai shi ya kasa sabuntawa, wani ya saye ya zuba caca ko batsa a ciki, dabarar da Google ya sanya cikin jerin laifuka a Maris na 2024. Rubutun da aka yi shekara biyar da suka wuce a kan tarihin sarakunan Gwandu, wanda ya nuna wani gida mai mutunci a lokacin, yana iya wayar gari yana nuna gidan caca mai shi bai sani ba. Masu kula da gidajensu sukan bi tsofaffin mahaɗai lokaci-lokaci, su cire wanda ya lalace, ko su maye gurbinsa da kwafin da ke ajiye a rumbun Internet Archive, wanda ke adana hotunan shafuka tun 1996.